Babi na Shida: Minti Biyar a Bakin Tanki

A shekarar 2006 wani ɗan jaridar motoci mai suna Jay Lamm ya shirya tsere a filin Altamont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ya kafa sharaɗi guda: kada kuɗin motar da za a shiga da ita ya wuce dala 500. Gasar da ya raɗa wa suna 24 Hours of Lemons ta bazu cikin ƙasar, kuma har gobe sharaɗin yana nan. Sai dai akwai kayan da ba a lissafa su cikin dala 500 ɗin: birki, tayoyi, kejin ƙarfen da ke kare direba, kujera da bel, da kayan kashe gobara. A kan waɗannan, ka kashe iya abin da aljihunka zai ɗauka. Shi ya sa za ka ga akwalar motar da ko mai gwangwan zai yi mata tayin raini, amma tufafin direbanta kaɗai sun ninka kuɗinta.

Ba Lemons ce kaɗai ba. Akwai ChampCar, wadda ta fara a 2009 da sunan ChumpCar. A Ingila ana tseren awa 24 da ƙananan motocin Citroën C1, a filin Spa na Beljiyam kuma ana tseren awa 25 na Fun Cup. Masu shiga ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne, da kanikawa, da likitoci, da ma'aikatan ofis, mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi mota ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa a kan sitiyari daga safiya zuwa wata safiyar. Ba su da ma'aikata. Wanda ya sauko daga mota yana jiri, shi ne zai ɗauki jarka bayan awa biyu ya zuba wa abokinsa mai.

A nan haɗarin yake. ChampCar ba ta yarda direba ya wuce awa biyu a jere yana tuƙi ba, ke nan a tseren awa 24 mota za ta tsaya sau 11 ko fiye. Jarkar da aka saba amfani da ita a Amurka galan biyar take ci, wajen lita 19, nauyin man kaɗai ya kai kilo 14. Idan kowace tsayawa ta ci jarka uku, sau talatin da 'yan kai za a kifa fetur a gefen motar da ta shafe awanni tana gudu. Ko sau ɗaya aka yi kuskure, ya isa.

Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, don haka babu ranar da za a ce yau ya yi sanyin da ba zai kama ba. Man dizal kuwa sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin ya yi haka, shi ya sa ya fi haƙuri. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse, gangarowa yake yi daga bakin tanki, ya bi jikin mota, ya kwanta a ƙasa, ya shiga ƙarƙashinta. Kuma ba ya buƙatar yawa: idan ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, ya isa ya kama, har zuwa wajen kashi 7.6. Abin da ke jiransa a ƙarƙashin motar tsere kuwa shi ne salansa da faifan birki, waɗanda zafinsu kan kai ɗaruruwan digiri. Fetur yana iya kamawa da kansa a wajen digiri 280, ba tare da ashana ko tartsatsi ba. A motoci da yawa, bakin tanki yana saman tayar baya ne daidai, wato saman birki.

Manyan ƙwararru ma sun sha wannan darasi. Ranar 31 ga Yuli, 1994, a tseren Formula 1 na Jamus a filin Hockenheim, Jos Verstappen, mahaifin Max Verstappen na yanzu, ya tsaya shan mai da motarsa ta Benetton. A shekarar ne aka dawo da shan mai a tsakiyar tsere, da na'urar da ke tura wajen lita 12 a sakan guda. Bakin tiyo bai zauna daidai ba, mai ya yi feshi a kan mota da direba da kanikawa. Aka yi ɗan tsit, sai wuta ta tashi ta haɗiye su duka. An kashe ta cikin 'yan sakanni, kuma babu wanda ya mutu, saboda kowa yana cikin rigar wuta kuma masu kashe gobara suna tsaye a wurin. Verstappen ya ƙone a fuska don ya ɗan ɗaga gilashin hular kwanonsa ya sha iska. Bincike ya gano cewa an cire wata matata daga na'urar, abin da ke sa mai ya fi saurin wucewa. Daga kakar 2010 Formula 1 ta hana shan mai a tsakiyar tsere gaba ɗaya.

'Yan sha'awa ba za su iya hana shi ba, domin babu tankin da zai kai mota awa 24. Abin da ChampCar ta yi, a ganina, ya fi kowace riga da kowace na'ura amfani. Ta ce duk motar da ta tsaya shan mai, dole ta yi aƙalla minti biyar a layin gyara. Ko ka gama cikin minti biyu, sai ka jira sauran ukun. Da wannan doka guda aka cire ladan gaggawa. Mai zuba mai ba shi da dalilin girgiza jarka ko faɗaɗa bakinta don ta yi sauri, ba shi da dalilin cire ta tana ɗiga. Akwai masu ƙorafin cewa dokar ta kashe wani ɓangare na gasa, tun da iya tsayawa da sauri shi ma gwaninta ne. Ga ƙwararrun da ke atisaye kullum, suna da hujja. Ga malamin makarantar da ya ɗauki jarka da ƙarfe uku na dare, ba su da ita.

Tsarin shan man ya ɗan bambanta daga gasa zuwa gasa, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Mota ta tsaya a gurbinta, a kashe inji, a murɗa babban makashin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya, domin ko famfon mai ko fankar lagireto na iya fitar da tartsatsi. A Lemons sai direba ya fito tukuna, ba a buɗe tanki da mutum a ciki. A tura faranti mai faɗi ƙarƙashin bakin tanki don ya tare abin da ya zube. Muddin murfin tanki yana buɗe, ba a taɓa komai a jikin motar: ba a duba taya, ba a ɗaga bonet, ba a sa jak, ko gilashi ba a gogewa. Jarka ɗaya ake ƙetare katangar layin gyara da ita, sai an mayar da wadda ta ƙare a karɓi wata. Mai zubawa yana sanye da duk abin da direba ke sawa, daga takalmi har hular kwano, gilashinta a sauke. Idan an gama, a rufe tanki, a janye farantin, a zuba garin da ke tsotse mai a kan duk abin da ya taɓa ƙasa, sannan a ce wa sauran bismillah.

Lokacin da ya fi kowanne muni shi ne jarkar ƙarshe. Tanki ya kusa cika, iskar da ke ciki tana neman hanyar fita, sai ta turo mai waje ta bututun da ake zubawa. Gogaggen mai zubawa yana sauraren sautin man, yana rage kifin jarka kafin ya iso wuya. Ƙungiyoyin da ke da hali kuma dokar gasarsu ta yarda, suna sa baki na musamman wanda ba ya buɗewa sai an danna shi a kan tanki, da an ɗaga kuma ya rufe kansa.

Sai mutum na biyu, wanda ya fi kowa muhimmanci kuma aka fi raina aikinsa. Yana tsaye wajen mita uku daga mai zubawa, shi ma cikin cikakkun kayan wuta, riƙe da tukunyar kashe gobara ta hoda mai nauyin kilo huɗu da rabi, bakin tiyonta a hannunsa yana kallon tanki. Ba ya miƙa jarka, ba ya riƙe mazurari, ba ya amsa tambayar kowa. Tazarar tana da dalili: idan ya matso sosai, wutar da ta kama abokinsa za ta kama shi, idan ya yi nisa hodar ba za ta kai ba. Yana tsayawa ta inda iska ke busowa daga bayansa. Idan wuta ta tashi, a kan mutum zai fara fesawa kafin mota, sannan gindin wutar, ba harshenta ba. Tukunya irin wannan ba ta wuce sakan ashirin tana feshi, don haka babu damar koyo a lokacin. Ruwa kuwa ba ya kashe fetur, ɗaukarsa yake yi ya watsa shi gaba.

Sababbin ƙungiyoyi sukan ba wannan aiki ga wanda bai iya komai ba, ƙanin wani ko abokin da ya zo kallo. Kuskure ne babba. Wurin yana buƙatar mutumin da ƙafarsa za ta yi gaba idan kowa ya yi baya, kuma ba a sanin haka sai an taɓa danna tukunya ko da sau ɗaya ne, an ji yadda take fizgar hannu.

Dalilin da ya sa aka dage sai mai taimako ya sa kayan wuta, an biya shi da rai. A watan Yulin 1973, a filin Zandvoort na ƙasar Holan, motar Roger Williamson, ɗan Ingila mai shekara 25, ta kife ta kama wuta. Karon bai kashe shi ba. Wani direba, David Purley, ya tsayar da tasa motar, ya ƙetare titi da gudu, ya yi ta ƙoƙarin birkito motar shi kaɗai. Jami'an da ke wurin suna cikin tufafin gida, zafi bai bar su sun matso ba. Tukunyar kashe gobara ɗaya ya samu, ta ƙare wutar ba ta mutu ba. Williamson ya rasu a ciki saboda rashin iska, duniya tana kallo ta talabijin. Da mutum uku ne cikin rigar wuta a maimakon ɗaya, da wataƙila sun ɗaga motar.

Ita rigar, bai kamata a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ba ta hana mutum ƙonewa, jinkirta ƙunar take yi. Akasari ana yin ta da zaren Nomex, wanda kamfanin DuPont ya fitar kasuwa a 1967. Zaren ba ya narkewa, ba ya ɗiga, kuma da an janye shi daga wuta sai wutar da ta kama shi ta mutu. Kafin shi, direbobi kan jiƙa tufafin auduga a ruwan sinadari su shanya, wasu ko hakan ba sa yi. Shekarar 1964 ce ta girgiza Amurka: Eddie Sachs da Dave MacDonald suka mutu a haɗarin da ya tayar da gobara a tseren Indianapolis 500, Fireball Roberts kuma ya ƙone a filin Charlotte, ya yi makonni yana jinya kafin ya cika. Bill Simpson, wanda ya yi suna wajen ɗinka rigunan Nomex, har cinna wa kansa wuta ya yi a gaban jama'a don direbobi su yarda.

Gidauniyar SFI ta Amurka tana gwada rigunan ta liƙa musu lamba, kuma lambar lokaci take faɗa. Riga mai lamba 3.2A/1 tana ba mutum wajen sakan 3 kafin fatarsa ta yi ƙunar da ke tashin bororo. Mai 3.2A/3 sakan 7, mai 3.2A/5 sakan 10. Akwai masu kai sakan 30 da 40, amma waɗannan na masu tseren gajeren zango ne, nauyinsu da zafinsu ba za su bari a yi awa biyu a ciki ba. A Turai hukumar FIA ce ke ba da nata tambarin, 8856-2000 a da, 8856-2018 a yanzu. Yawancin gasannin 'yan sha'awa suna karɓar riga mai falle ɗaya ne kawai idan an sa rigar ciki da wandon ciki na Nomex a ƙarƙashinta. Shawarata ga duk wanda zai saya, ya tsallake mai falle ɗaya. Sakan uku ko bel ba su isa a kwance ba.

Abin da ke tare zafi ba zaren kaɗai ba ne, har da iskar da ke tsakanin falle da falle, don haka rigar da ta matse jiki ta rage ƙarfinta. Gumi ma abokin gaba ne, domin jiƙaƙƙen tufafi yana kai zafi fata da sauri, ruwan ya zama tururi ya dafa ta. Mafi haɗari shi ne abin da mutum ya sa a ciki wanda mai dubawa ba ya gani. Singiletin wasanni na nailan, irin mai shan gumi, narkewa yake yi ya manne da fata, likita ya zo yana ɓamɓararsa tare da nama. In babu Nomex, auduga zalla ta fi. Tambarin da aka ɗinka har allura ta ratsa duk fallayen riga, shi ma hanya ce da zafi zai bi, shi ya sa FIA ta ce a falle na waje kaɗai za a yi ɗinkin ado.

Hannu da fuska su ne suka fi shan wahala. Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, motar Romain Grosjean ta ratsa shingen ƙarfe a Bahrain ta rabe biyu, ya yi wajen sakan 28 a tsakiyar wuta kafin ya fito da ƙafarsa. Jikinsa ya tsira, bayan hannuwansa ne suka ƙone, domin safar hannu dole ta zama siririya don a ji sitiyari, kuma da hannun ne ake dafa ƙarfe mai zafi a fito. Safar da ta huje a yatsa ko ta sha mai ta gama aiki. Hular kwano kuma ba kowace ba ce: gidauniyar Snell tana da tambarin M na masu babur da tambarin SA na masu mota, kuma SA ce aka yi cikinta da abin da ba ya kama wuta. Mai gemu ko dogon gashi sai ya ƙara da hular Nomex mai rufe kai da wuya. Gilashin da aka sauke yana kare fiye da ido. Lokacin da Niki Lauda ya ƙone a Nürburgring ranar 1 ga Agusta, 1976, abin da ya kusa kashe shi ba tabon da duniya ta sani a kunnensa da goshinsa ba ne, iska mai zafi da guba ce da ya shaƙa ta lalata masa huhu.

A cikin motar akwai tukunya ta dabam, a ɗaure a ƙasa, da bututai masu fesawa kan jikin direba, da inji, da wajen tanki. Wasu kumfa ke ciki, wasu sinadarin Novec 1230 wanda ba ya barin datti. Halon da aka yi amfani da shi a da an daina yin sa saboda ɓarnar da yake yi wa sararin samaniya. Tukunyar tana da ƙusar tsaro da ke hana a ja ta bisa kuskure a gareji, kuma mantawa da cire ƙusar kafin a shiga fili yana cikin kurakuran da aka fi yi. Direba ya ja hannun da ƙarfinsa, babu abin da ya fito. Ƙungiya mai hankali tana ɗaura wa ƙusar jan ƙyalle mai tsawo, kuma wanda ya ɗaure wa direba bel shi ne zai zare ta ya nuna masa.

Fitowa kuma sai da atisaye. Direban dogon zango a ɗaure yake ta ko'ina: bel mai reshe biyar ko shida, ragar taga, abin tallafe wuya, wayar rediyo, tiyon ruwan sha, wani lokaci har da tiyon rigar sanyi. Ana so ya koyi jerin da ido a rufe, domin hayaƙi zai rufe masa su: kashe wuta, ja tukunya, saki raga, kwance bel, cire sitiyari, fita. Idan direba ɗaya ne ke da mota, da sauƙi. A nan direba huɗu ne ke da mota ɗaya, dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, kuma hannun tukunyar da ke kusa da ɗaya na iya yi wa wani nisa idan bel ya matse shi.

Masu amfani da man da ke da barasa mai yawa suna da ƙarin damuwa. A tseren Indianapolis na 1981, man methanol ya zube wa Rick Mears a wurin shan mai ya kama, amma wutar methanol ba a ganin ta da rana. Mutane suka ga yana tsalle ba su ga abin da ke cin sa ba, ya ƙone a fuska. Man E85 da wasu 'yan sha'awa ke zubawa bai kai haka ɓoyewa ba, amma harshensa ya fi na fetur dusashewa, kuma kumfar da aka saba da ita ba ta riƙe shi sai irin wadda aka yi don barasa.

Ba a layin gyara kaɗai fetur yake ba. Bayan katanga, inda ƙungiya ta kafa rumfarta, akwai jarkoki goma ko fiye, da janareta, da murhun gasa nama, da caja, da yara. Jarka a inuwa ake ajiye ta, nesa da duk waɗannan, kuma ba a cika ta maƙil domin mai yana kumbura da zafi. Idan za a cika ta a gidan mai, sai an sauke ta ƙasa, ba a kan bayan a-kori-kura ba. Man da ke gudu cikin roba yana tara lantarki, irin wanda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas da tartsatsi a jikin mutum cikin hunturu, kuma wannan ɗan tartsatsin ya isa. Wannan ɓangaren bai tsaya ga masu tsere ba. Duk gidan da ake ƙara wa janareta mai tana aiki, ko ake ajiye jarkar bumburutu a ɗakin girki, tururi ɗaya ne kuma ɗabi'arsa ɗaya.

Idan duk da haka wuta ta taɓa mutum, a kwantar da shi a kashe ta, kada a bar shi ya gudu. A cire safar hannu da zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufafin da ya manne da fata a bar wa likita. A yi ta zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti ashirin. Wanda ya shaƙi hayaƙi, ko gashin hancinsa ya babbake, ko muryarsa ta dishe, a kai shi ga likitocin fili ko da ya rantse lafiyarsa lau, domin maƙogwaro kan kumbura bayan awanni. Tukunyar da aka danna ko sau ɗaya ba ta komawa bakin aiki sai an sake cika ta, kuma hodar da ta zauna a kan waya da inji a wanke ta da wuri, tana cin ƙarfe. Rigar da wuta ta lasa, launinta ya sauya ko zarenta ya ƙandare, a yanke tambarin da ke hannunta kafin a jefar, don kada wani sabon shiga ya tsince ta a kasuwar gwanjo ya sa.